Yadda Za Ka Gano Lambar ECCN ta Manhajarka da Fayil ɗin Girkawa Kafin Su Bar Kano

Masu rubuta manhaja a Kano sun fara cin karo da wata tambaya da ba a koyar da ita a aji. Ka gama aiki, ka zo ɗora shi a App Store, sai Apple ta tare ka: shin manhajarka tana ɓoye bayanai? Ko kuwa wani kamfani na waje, ko ƙungiyar agaji mai son sayen lasisi, su aiko maka da takardar cikewa, can ƙasa an rubuta ECCN, wato lambar tantance kayan da ake sa wa ido wajen fitarwa, an bar gurbi. Abin da mutum kan yi shi ne ya shiga Google, ya ga lambar da wani ya rubuta, ya kwafa. Wani kuma ya nemo lambar kayan aikin da ya haɗa fayil ɗin girkawa da shi, Inno Setup ne ko NSIS ko InstallShield, ya liƙa wa manhajarsa. Duka biyun kuskure ne, na biyun ma ya fi haɗari domin yana kama da daidai.

Lambar ta wa ce?

Ta Amurka ce. Hukumar BIS, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Kasuwanci ta ƙasar, ita ke riƙe da dokokin fitar da kaya da ake kira EAR. Dokokin sun fi mayar da hankali kan kaya masu amfani biyu, wato abin da farar hula zai yi aiki da shi, soja ko ɗan leƙen asiri ma zai iya. A cikinsu akwai dogon jeri mai rukuni goma, daga 0 zuwa 9, kuma kowane abu a jerin yana da lamba mai gurbi biyar, ita ce ECCN. Ɗauki 5D002. Lamba 5 da ke farko rukunin sadarwa da tsaron bayanai ne. Harafin D na nufin manhaja; da A ne, na'ura ce, da E ne, fasahar ƙera abin ce. Sifirin da ke bin harafin yana nuna an sa ido a kan abin ne saboda tsaron ƙasa. A 5D992 kuwa, tara ce a wurin, kuma dalilin sa idon yaƙi da ta'addanci ne kawai, shi ya sa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da dokar ta shafa amma bai faɗa ko'ina a jerin ba, shi ake kira EAR99, kuma nan mafi yawan manhajojin kasuwanci suke.

Tushen jerin yarjejeniyar Wassenaar ce ta 1996, mai ƙasashe 42. Afirka ta Kudu kaɗai ke ciki daga nahiyarmu, Najeriya ba ta ciki. Tarayyar Turai tana da tata dokar, mai lamba 2021/821, kuma ita ma tana amfani da 5D002. Amma 5D992 da EAR99 na Amurka ne zalla, kada ka rubuta su a takardar Turai kamar can ma suna aiki.

Kada kuma a haɗa wannan da takardunmu na gida. Lambar HS da Kwastam ke nema ta haraji ce da ƙididdigar kaya. Rajistar NEPC da fom ɗin NXP na mai fitar da kaya ne, kamar mai ɗaukar riɗi ko zoɓo daga Dawanau. Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro yana ba da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe ga masu shigo da irin su jirgi mara matuƙi. NOTAP tana rajistar yarjejeniyar sayen fasaha daga waje. Babu ɗaya a cikinsu da zai ba ka ECCN.

Mataki na farko: dokar ma ta shafe ka?

Wannan tambayar ake tsallakewa, alhali ita ce ƙofa. Manhajar da aka rubuta a Zoo Road, da hannun 'yan Najeriya, ake raba ta a filasha ko daga sabar da ke Legas, ba ta zama kayan Amurka don kawai an rubuta ta a kwamfuta mai Windows. Dokar tana kama abu ne ta hanyoyi sanannu. Idan abin yana cikin ƙasar Amurka, ko na wane ne. Idan asalinsa na Amurka ne, ko ina ya je. Idan an yi shi a waje amma an cusa masa kayan Amurka da ake sa wa ido fiye da wani kaso. Akwai kuma wata hanya ta abin da aka ƙera kai tsaye da wasu fasahohin Amurka, wadda ta fi damun masu ƙera cif da manyan kamfanonin sadarwa, ba irinmu ba.

Hanya ta farkon ce ke kama mutanenmu ba su sani ba. Ka ɗora fayil ɗinka a sabar da ke Bajiniya domin ita ce ta fara fitowa a zaɓin AWS, sashen Amazon mai hayar saba, to fayil ɗin yana Amurka ke nan, kuma duk wanda ya sauke shi daga Maraɗi ko Injamena, fitar da kaya daga Amurka aka yi a idon dokar. Haka batun yake da App Store da Google Play, shi ya sa suke tambaya. AWS ta buɗe yankin Kef Tawun a 2020, Microsoft kuma ta buɗe cibiyoyin Azure a Afirka ta Kudu a 2019. Zaɓen inda za ka ajiye fayil ba batun saurin saukewa ba ne kaɗai.

Kason da aka ambata shi ne 25 cikin ɗari na darajar kayan ga yawancin ƙasashe, 10 cikin ɗari ga 'yan tsirarun ƙasashen da ke ƙarƙashin takunkumi mai tsanani. Ba duk abin Amurka ake lissafawa ba, sai wanda zai buƙaci lasisi idan za a kai shi ƙasar da kake nufi. Manhajar ɓoye bayanai ta 5D002 tana da ƙarin sharuɗɗa nata kafin a shigar da ita wannan lissafi, don haka idan ita ce a cikin kayanka, kada ka yi lissafin da ka.

Idan ka duba ka ga dokar ba ta shafe ka ba, amsarka ita ce kayan ba ya ƙarƙashin EAR, ba EAR99 ba. Bambancin babba ne: wanda ya rubuta EAR99 ya amsa da bakinsa cewa dokar tana kansa. Duk da haka ina ba da shawarar a ci gaba da sauran matakan, domin abokin cinikinka na waje zai ce: to da a ce ta shafe shi, wace lamba zai ɗauka? Yana buƙatar amsar don nasa lissafin.

Mataki na biyu: kwance ƙunshin

A Kantin Kwari ba a yi wa dila kuɗi da buhun da aka naɗe ta, sai an san shadda ce a ciki ko atamfa. Fayil ɗin girkawa buhu ne. Abin da ke ƙetare iyaka shi ne duk abin da ke cikinsa, don haka abu uku za ka raba a ranka. Akwai kayan aikin da ka haɗa fayil ɗin da shi, wanda ke zaune a kwamfutarka, kuma lambarsa ta kamfanin da ya yi shi ce. Akwai ɗan guntun kod da kayan aikin ke dasawa a cikin setup.exe, wanda ke buɗe taga, ya warware fayiloli, ya rubuta su a inda ya dace. Shi yana tafiya tare da kayanka. Sai kuma kayan da kansu: manhajarka da duk abin da ka jingina ta da shi.

Buɗe takardar Excel, ka jera komai. Suna, siga, wanda ya yi shi, ƙasarsa, irin lasisinsa, ko yana ɓoye bayanai, da lambar da mai shi ya bayyana. Kada ka dogara da abin da kake tunawa. Duba fayil ɗin .iss idan Inno Setup ne, .nsi idan NSIS ne, .wxs idan WiX ne, ka bi layi-layi. Duba package.json ko requirements.txt ko jerin NuGet. Sannan ka girka manhajar a kwamfuta mai tsabta, ka leƙa babban fayil ɗin da ta zauna. Nan za ka ga abin da ka manta: wani libcrypto da ya biyo wani laburare, direban firintar rasit, Visual C++ Redistributable, .NET, wani lokacin ma Java sukutum.

Manyan kamfanoni sun sauƙaƙa wannan. Microsoft, Cisco da Oracle suna wallafa lambobin kayansu a shafukansu, Gidauniyar Apache ma tana da jerin ayyukanta masu ɓoye bayanai. Wanda bai wallafa ba, rubuta masa imel ka tambaya, ka ajiye amsar. Sai dai ka tuna, lambar kowane ɓangare shaida ce kawai da za ta taimaka maka. Ƙunshin gaba ɗaya sabon abu ne, kai za ka tantance shi.

Mataki na uku: batun ɓoye bayanai

Nan aikin yake, nan kuma ya kamata a zauna. Har zuwa ƙarshen 1996 Amurka tana lissafa fasahar ɓoye bayanai mai ƙarfi cikin jerin makamai, sannan aka mayar da ita hannun Ma'aikatar Kasuwanci. Ragowar wancan zamanin ne kashi na biyu na rukuni na 5, wato sashen ɓoye bayanai.

Tambaya ta farko: kayanka yana amfani da lissafin sirri ko kaɗan? Ba sai kai ka rubuta shi ba. Idan manhajarka tana kiran OpenSSL, ko tana magana da saba ta HTTPS, ko tana kulle rumbun bayananta da SQLCipher, amsar e ce. Ko kiran abin da Windows ko Android suka tanada ka yi, a wajen BIS amfani ne. Matse fayil kuwa ba ɓoyewa ba ne. LZMA da zlib da bzip2, waɗanda NSIS ke aiki da su, rage girma kawai suke yi. Base64 ma ba ɓoyewa ba ne, ko da ido bai iya karanta shi.

Ta biyu: don me ake amfani da shi? Dokar tana neman ɓoyewar da ke rufa asirin bayanai ne, wato hana wani karantawa. Ta cire wasu ayyuka ƙarara: tabbatar da ko wane ne mai shiga, sa hannun dijital, tabbatar da cewa ba a taɓa fayil ba, da kare haƙƙin mallaka kamar mabuɗin lasisi mai hana kwafa. Saboda haka sa hannun Authenticode da ka yi wa setup.exe don Windows ta daina tsorata masu saye bai jefa ka cikin 5D002 ba. Lissafin SHA-256 da ake yi don a gane fayil ya sauka lafiya, shi ma haka. Adana kalmar sirri ta hanyar da ba a iya mayar da ita, haka. Amma da zarar mabuɗin da ke tabbatar da mai shiga ya koma kulle bayanan ciniki, labari ya sauya.

Ta uku: ƙarfinsa. Iyakar da aka sa ita ce mabuɗi mai fiye da bit 56 a tsarin mabuɗi ɗaya, fiye da 512 a irin RSA, fiye da 112 a tsarin lanƙwasa (elliptic curve). Kada ka ɓata lokaci a nan. AES-128 da AES-256 da duk TLS na yau sun wuce iyakar.

Ta huɗu ita ce ke 'yanta mafi yawan manhajojin da ake rubutawa a garin nan: mene ne ainihin aikin kayan? Sashen yana kama abin da babban aikinsa tsaron bayanai ne, ko sadarwa da haɗa kwamfutoci, ko adanawa da sarrafa bayanai irin na kwamfuta da tsarin da ke tafiyar da ita. Abin da babban aikinsa wani abu ne dabam, ɓoyewar kuma tana yi masa hidima ne kawai, yawanci yana waje. Cikin misalan da BIS ta bayar akwai manhajar lissafin kaya a sito, ta koyarwa da jarrabawa, da wasanni.

A ɗauka ka rubuta wa 'yan kasuwar Singa manhajar da ke lissafa katan nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ake bi bashi. Tana aika bayanan zuwa saba ta HTTPS, tana kulle rumbunta don kada yaron shago ya kwafe. Aikinta lissafin kaya ne, ɓoyewar hidima take yi, don haka EAR99 ce ta fi dacewa da ita. Yanzu a ce Alhaji ya ce maka, “Malam, ka sa min wurin da zan riƙa tura wa yarana saƙo da takardu a Kwatano ba wanda ya gani.” Ka ƙara sashen hira mai kulle daga baki zuwa baki, ka kuma fara tallata manhajar da shi. Sadarwa ta shigo cikin manyan ayyukanta ke nan, sai a sake zama. Manhajar VPN, ta ajiyar fayil a kulle, ta riƙe kalmomin sirri, waɗannan ba su da wata mafaka, suna cikin sashen tun daga farko.

Wani abu kan buɗaɗɗen tushe, domin ana yawan ruɗewa. Kod ɗin ɓoye bayanai da aka wallafa ga kowa kyauta, irin OpenSSL, yana fita daga ƙarƙashin EAR. Tun daga dokar 29 ga Maris 2021 ma ba a buƙatar aika wa BIS sanarwa sai idan lissafin ba sananne ba ne, wato wanda mutum ya ƙirƙira bai wallafa ba. Amma 'yancin na laburaren ne, ba ya bin sa zuwa cikin manhajarka da kake sayarwa a rufe. Kuma a ganina babu dalilin da zai sa mai hankali ya ƙirƙiri nasa lissafin sirri: ya raunana tsaronsa, ya kuma jawo wa kansa binciken da AES ba za ta jawo ba.

Mataki na huɗu: fayil ɗin girkawa shi kansa

Wanda aikinsa warwarewa da kwafa ne kawai ba ya ƙara komai. NSIS a yadda take zuwa ba ta kulle kaya. Idan ka haɗa mata abin da ke sauko da wasu fayiloli ta HTTPS lokacin girkawa, rubuta shi a jerinka, ka kuma lissafa abin da ake saukowa da shi, domin shi ma yana isa hannun mai saye.

Inno Setup tana da saiti biyu da ake rikitawa. Password shi kaɗai tambayar kalmar sirri ne kafin a ci gaba. Encryption=yes kuwa yana kulle fayilolin da gaske; a da da ARCFOUR ne ta wani fayil da ake saukewa dabam, daga siga ta 6.4 aka koma XChaCha20 a cikinta. Haka fayil mai warware kansa na 7-Zip, idan ka sa masa kalmar sirri, AES-256 ne ke aiki. Idan ka kunna irin wannan don hana satar manhajarka, hujjarka ita ce kare haƙƙin mallaka, kuma tana cikin abin da aka cire. Rubuta hujjar a fili. Idan kuwa bayanan wani abokin ciniki ka cusa a ciki kake ɓoyewa, wannan rufin asiri ne, a auna shi da tambayoyin mataki na uku. Idan ba ka da buƙatar kullewar, kashe ta, ka huta.

Mataki na biyar: zaɓen lamba

Idan mataki na uku ya fitar da kai daga sashen ɓoye bayanai, leƙa sauran jerin kafin ka ce EAR99. Manhajar da ke tuƙa jirgi mara matuƙi, ko sarrafa injin ƙira mai tsananin daidaito, tana da nata gurbi a wasu rukunan. Abin da aka yi musamman don soja kuwa ba ma na BIS ba ne, na Ma'aikatar Harkokin Waje ne ƙarƙashin ITAR, kuma wannan ba aikin jagora irin wannan ba ne, aikin lauya ne.

Idan kana cikin sashen, saura ka ga ko kayanka na gama-gari ne, wanda zai sauko da shi daga 5D002 zuwa 5D992.c. Sharuɗɗan su ne: ana sayar da shi ga kowa ba tare da tantancewa ba, a kanti ko ta intanet, mai amfani ba zai iya sauya yadda ɓoyewar ke aiki cikin sauƙi ba, an tsara shi yadda mai saye zai girka da kansa ba tare da wani babban taimako daga mai sayarwa ba, kuma za ka iya ba hukuma bayaninsa idan ta nema. Dubi sharaɗi na uku da kyau, domin nan ne fayil ɗin girkawa ke da tasiri na gaske. Bai ba ka lambarsa ba, amma ingancinsa na iya sauya taka. Manhajar da Hajiya za ta sauke ta danna sau uku ta fara aiki tana da hujja. Wadda sai ka hau adaidaita ka je Sabon Gari ka yini kana saita saba da hannu, ko wadda aka ɗinka wa banki ɗaya tak, da wuya ta shiga.

Abin da ya rage a 5D002 ana neman lasisi kafin a kai shi kowace ƙasa in ban da Kanada, har da Najeriya. Kada wannan ya tayar da hankali, domin akwai sassaucin da ake kira ENC, a sashe na 740.17, wanda ya ɗauke yawancin nauyin. Kaya na yau da kullum mutum yana tantance su da kansa, ya fitar, sannan ya aika rahoton shekara kafin ko ran 1 ga Fabrairu kan abin da ya tantance a shekarar da ta wuce. Dokar 2021 ta ɗauke wannan rahoto daga yawancin kayan gama-gari da aka gama haɗawa, ta bar shi kan ɓangarorin da ake sawa a cikin wasu kayan. Wasu kuma dole a miƙa su ga BIS ta shafinta na SNAP-R ta tantance, a jira kwana 30: manyan na'urorin sadarwa, kod ɗin ɓoyewa da ba a wallafa ba, lissafin da ba sananne ba. Amsar da za ta bayar ita ake kira CCATS. A wannan aji akwai ƙarin shinge idan mai sayen hukumar gwamnati ce, abin lura ga mai neman kwangilar ma'aikata.

'Yan'uwa na Farm Centre da Titin Beirut, ga naku. Yi wa waya filashin ko sauya mata allo ba shi ne abin dubawa ba. Amma kayan da aka ƙera don fasa kulle a kwashe bayanan cikin waya, da manhajar sarrafa kutse, suna da lambobinsu masu tsauri, 5A004 da 4D004, kuma dokar kayan kutsen ta fara aiki a Maris 2022. Wanda ya sayi irinsu daga waje ya sake sayar wa wani a ƙetare, ya karanta takardar da ya sa wa hannu.

Mataki na shida: ina za shi, wa zai karɓa, me zai yi da shi

Lamba rabin amsa ce. EAR99 ma ba a kai ta ko'ina. Kuba, Iran da Koriya ta Arewa suna ƙarƙashin takunkumi mai faɗi, haka yankin Kirimiya. Rasha da Belarus an tsaurara musu tun 2022, kuma daga Satumba 2024 har manhajojin gudanar da kamfani na EAR99, irin na lissafin kaya da kula da abokan ciniki, sai da lasisi. Nijar, Chadi, Kamaru da Gana, inda cinikin Kano ya fi zuwa, ba su cikin wannan sahu. Sudan, wadda muke da dangi da ɗalibai a cikinta, an cire ta daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci a Disamba 2020, amma tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 an sa wa wasu mutane da kamfanoni na can takunkumi ɗaya-ɗaya. Jerin ƙasashen yana motsi, a duba shi ranar ciniki.

Sannan sunan mai saye. Gwamnatin Amurka tana da shafin bincike kyauta a trade.gov da ya haɗa jerin sunayen da aka hana, har da na BIS da na OFAC, ofishin takunkumi na Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka. Huawei ta shiga jerin BIS a Mayu 2019. Boko Haram da Ansaru an ayyana su 'yan ta'adda a Nuwamba 2013, kuma akwai sunayen 'yan Najeriya a jerin OFAC. Sunayenmu suna maimaita juna, Muhammad da Abubakar da Ibrahim ba iyaka, don haka idan suna ya yi kama, kada ka yanke hukunci a kan bawan Allah sai ka gwada ranar haihuwa da adireshi. Ɗauki hoton sakamakon ka ajiye, ko ya fito ko bai fito ba.

Akwai alamun da dokar ke sa ran za ka lura da su. Mai shagon kayan masarufi yana neman lasisin VPN na babban kamfani. Mai saye ya ƙi faɗin inda za a yi amfani da kayan. Wani ya ce a rubuta rasit da sunan wani kamfani a wata ƙasa. Tambaya ɗaya cikin ladabi ta isa: “Ranka ya daɗe, a wane ofishi za a girka, don mu rubuta a takarda?” Mai gaskiya zai amsa nan take. Wannan ya shafi masu sayar da lasisin Windows da riga-kafin kwamfuta da na'urorin Cisco ga baƙi masu zuwa sari, domin kayan Amurka ne ake sake fitarwa. Dokar Amurka ta 2018 kan fitar da kaya ta tanadi tarar da ta kai dala miliyan ɗaya da ɗaurin shekara 20 kan laifin ganganci. Ga ɗan kasuwar Kano, abin da ya fi kusa shi ne a rufe masa asusun App Store ko na saba, ko dila ya daina ba shi kaya, ko sunansa ya shiga jerin.

Mataki na bakwai: rubuta shi

Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Sunan manhaja da sigarta, ainihin aikinta a jimla biyu, jerin abin da ke cikin ƙunshin, kowane lissafin sirri da tsawon mabuɗinsa da aikin da yake yi, inda fayil ɗin ke zaune, lambar da ka zaɓa da dalili, kwanan wata, da sa hannun wanda ya yi. EAR tana neman a riƙe takardu shekara biyar. Daga wannan takarda za ka riƙa cike kowane fom, yadda amsarka ga Apple ba za ta saɓa da wadda ka ba wani kamfani a Dubai ba.

A wajen Apple, tambayar ta fi sauƙi. Idan ɓoyewar da kake yi ta tsarin wayar ce kawai, kamar HTTPS na yau da kullum, ba a neman ka ɗora takarda, kuma kana iya sa ITSAppUsesNonExemptEncryption a Info.plist ka ba shi NO don a daina tambayarka a kowace siga. Wannan amsar fom ɗinsu ce, ba ita ce tantancewarka ba. Idan ka zo da naka laburaren ɓoyewa kuma kana son manhajar ta fito a Faransa, ƙasar tana da nata tsarin sanarwa ta hukumar ANSSI, Apple kuma za ta nemi shaidarsa.

Idan kayanka ya faɗa 5D002, ko mai sayen gwamnati ce, ko ƙasar tana da takunkumi, kai takardar ga lauyan da ya san harkar kafin ka tura fayil. A sauran lokuta, buɗe ta duk ranar da ɗayan waɗannan ya faru: ka ƙara laburare, ka kunna kullewa a fayil ɗin girkawa, ka ƙara sashen hira ko ajiyar fayil, ka mayar da saba wata ƙasa, ko ka fara sayarwa a ƙasar da ba ka taɓa ba. Gyaran kwaro da sauya launin maɓalli ba sa buƙatar komai, sai dai ka ƙara lambar sabuwar sigar a ƙasan takardar da kwanan wata.